Igiyar da Ba Ta Bushe Ba

Ranar Laraba da hantsi ungulaye suka nuna inda barewar take. Direban tankar ruwa ne ya hango su suna kewaya saman rafi, ya tsaya ya leƙa, ya dawo bariki ko ruwan bai ɗebo ba. An harbe ta a wuya, an yanke cinyoyin baya biyu, an bar sauran a cikin ciyawa. Uwa ce, da nono a jikinta.

Masu gadin gandun dajin nan su huɗu ne: Shugaba, da Dogo, da Wanzami wanda ke yi wa kowa aski, sai mijina, Baban Tsigi. Tsigi 'yarmu ce, watanta goma sha huɗu, ƙanƙantarta ta jawo mata sunan. Gidajenmu huɗu a jere suke, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, bangon kuwa ko tari ka yi maƙwabci zai ce maka sannu.

Da aka ciro harsashin daga wuyan barewar, irin nasu ne na aiki. Shugaba ya tara su a ƙofar ɗakin makamai, ya riƙa ɗaga bindigogin ɗaya bayan ɗaya yana leƙa bututun ta hasken rana. Tasa tana ƙyalli. Ta Dogo tana ƙyalli. Ta Wanzami kamar madubi. Da ya ɗaga ta huɗun, ta mijina, sai ya daɗe bai sauke ba.

"Baƙi ƙirin," ya ce. "Kuma rafin nan yankinka ne."

"Ranka ya daɗe, dattin Litinin ne," in ji Baban Tsigi.

"Kowa ya yi harbi Litinin," in ji Dogo. "Mu namu dattin ina ya tafi?"

Kafin azahar an rufe Baban Tsigi a ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gishirin dabbobi. Motar hedikwata za ta zo ranar Juma'a. Kowa ya san abin da ke biyo baya: kora, kotu, mu kuma mu kwashe kayanmu daga gidan. Da na fita ɗiban ruwa matan da ke famfo suka yi shiru, matar Dogo ta janye bokitinta daga kusa da nawa kamar laifin yana fantsama.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san dalilin dattin, kuma dalilin ni ce.

Ranar Litinin suka yi atisayen harbi. Bayan atisaye ƙa'ida ce kowa ya zauna a teburin ɗakin makamai ya wanke bututunsa da sandar ƙarfe da buroshi da mai, har sai ƙyallen ya fito fari. Ana cikin haka jikin Tsigi ya yi zafi, na aika a kira ubanta ya kai mu asibiti. Ya rataye bindigar yadda take, ya ce da safe zai ja mata igiya.

Igiyar goge bututu ce, kowa yana da tasa a aljihu. Ta fi igiyar takalmi kauri, da ɗan ƙarfe mai nauyi a kai, tsakiyarta da 'yan wayoyi kamar buroshi. Ana sako ƙarfen ta baya ya faɗo ta bakin bututun, a ja, shi ke nan. Da muka dawo daga asibiti na juya in jiƙa magani, na waiwayo na ga Tsigi ta zaro ta daga aljihun rigarsa, ƙarfen yana bakinta, leɓɓanta sun yi baƙi. Na wanke bakin sau uku. Ita kuma igiyar na jefa ta a ruwan sabulu, na cuɗe ta kamar mai rama gayya, na shanya. Muka yi cacar baki, ni ina cewa dalma da guba ba za su ƙara shigo mini ɗaki ba, shi yana cewa jiƙaƙƙiyar igiya ba ta shiga bututu. Ranar Talata aka wuni ana ruwa, ba ta bushe ba. Laraba da sassafe ya fita sintiri da bindigarsa yadda take.

Na je na gaya wa Shugaba duk wannan. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, "Maman Tsigi, kowace mace abin da za ta faɗa ke nan."

*

Ranar Alhamis da safe babur ya sauke wani tsoho a bakin bariki. Gajere ne, da asawaki a baki, da takalmin roba da ya sha ɗinki. Baba Mai Sawu ake ce masa. Shekara talatin ya yi yana gadin daji kafin ya ajiye aiki, har yanzu in abu ya rikice shi hedikwata ke turowa. Yana gaisawa da mutane idonsa na kan ƙafafunsu.

Shugaba ya kawo masa kujera a ofis. Ya ce a'a, ofis yana sa mutum ya yi magana irin ta takarda. Ya kifa bokiti a gindin bishiyar da ke kusa da famfo ya zauna. Ni kuwa wanki ya same ni nan take, na kwaso har da kayan da ba su yi datti ba.

Shugaba aka fara da shi.

"Harsasan kowa sun cika," ya ce. "Na duba. Ban san inda ya samo ba."

"Ranar atisaye nawa ka ba kowa?"

"Goma-goma."

"Ka ƙirga ƙara arba'in da kunnenka?"

Shugaba ya sosa ƙeya.

"To," in ji Baba. "Mai son ɓoye ɗaya sai ya harba tara. Yaushe rabonka da goge taka?"

"Litinin, da sanda, har ƙyalle ya fito fari. Mu uku a tebur ɗaya. Ni na duba na kowa."

"Tun daga nan ba ka taɓa ta ba?"

"Me zan taɓa? Ban yi harbi ba."

Dogo ya zo yana huci tun kafin a tambaye shi. Ya ce shi bai ga abin bincike ba, ɓarawo yana ɗaki a rufe. Baba ya bar shi ya gama, sannan ya nuna ƙafar wandonsa da asawaki.

"Wannan jinin fa?"

Na leƙa. Jini ne kuwa, busasshe, ɗigo uku. Na tuna jiya da yamma ƙamshin nama ya fito daga gidansu, alhali rabon motar kasuwa da zuwa mako guda. Ban san lokacin da na ce, "Kuma sun dafa nama jiya," ba.

Matar Dogo ta ajiye tulunta. "Lallai yarinyar nan. Hancinki ya fi idonki aiki."

"A kai ni in ga tukunyar," in ji Baba.

Muka bi shi zuwa bayan gidansu. Bai ko buɗe tukunyar ba. Ya tsuguna wajen juji ya tona da tsinke, ga gashin zakara ja, ga ƙafafu biyu masu ƙaho.

"Shi ne mai tashinmu tun kafin asuba?" ya tambaya.

"Shi ne, Baba," in ji Dogo. "Na gaji da shi."

"Allah ya yi maka albarka. Na kwana a barikin nan bara, na san halinsa."

Aka yi dariya, ban da ni. Na ba matar Dogo haƙuri, ta ce ba komai ba tare da ta dube ni ba. Shi ma Dogo ya ce Litinin ya goge tasa, da sanda, bai sake taɓa ta ba.

Wanzami ne na ƙarshe. Shi ne maƙwabcinmu na jikin bango, shi ke ɗaga Tsigi sama yana kiranta amaryarsa. Ya zauna a ƙasa gaban Baba, ya sunkuyar da kai.

"Ni ban ce shi ne ba, Baba. Yaron kirki ne. Allah dai ya bayyana gaskiya."

"Amin. Ina ka yi sintiri Laraba?"

"Ta dutse, can gabas. Nesa da rafi."

"Bindigarka fa?"

"Litinin, tare da su. Ni ai ka san hannuna, aska ko bindiga, ba na barin datti."

"Ba ka ƙara mata ko igiya ba?"

"Me za ta ɗauko? Tsaf take."

Baba ya gyaɗa kai ya sallame shi. Sannan ya juyo wajena.

"'Yata, rigar nan sau uku kina wanke ta. Zo ki faɗi abin da ke bakinki."

Na faɗa masa komai, tun daga zazzaɓin. Bai katse ni ba. Ya ce in ɗauko igiyar. Na ciro ta daga kan igiyar shanya na miƙa masa. Ya matsa tsakiyarta da yatsu biyu, ya shinshina.

"Har yanzu da danshi. Kuma sabulun wanka kika sa."

"Shi ne a kusa."

"Wannan ya nuna kin wanke igiya. Bai nuna mijinki bai yi harbi ba."

"To me zai nuna?"

"Ƙasa, in ta ga dama. Za ni rafi."

"Zan bi ka."

Ya dubi Tsigi a bayana, ya dubi takalmina. "Ki taka inda na taka kawai."

*

Direban tanka ya sauke mu nesa kaɗan. Ruwan Talata ya bar ƙasar da laushi, jar laka ce mai riƙe sawu. Baba ya tafi a hankali, hannu a baya, kamar wanda ya yar da allura.

Inda barewar ta faɗi an tattake shi, sawun takalma ko'ina. Ya ce wannan ba ya da amfani, duka huɗun takalmi iri ɗaya aka ba su, uku ma lambarsu ɗaya. Ya tsaya inda wuyanta ya kwanta, ya juya ya dubi wani kurmin ƙaya da ke tudu, ya nufi can. Nan ba wanda ya je.

"Ga gwiwarsa," ya ce. "Nan ya durƙusa ya auna. Ga inda ya laluba ya ɗauke kwanson harsashin. Mai hankali ne."

Sawun ya gangara zuwa ga barewar, ya dawo da nauyi, ya nufi duwatsun rafi inda ba a barin sawu. Zuciyata ta karye. Amma kafin duwatsun Baba ya tsaya cak, ya cire asawakin daga bakinsa.

"Zo ki gani. Me kika ga nan?"

Ƙafafu biyu ne a ware. Tsakaninsu wani shafaffen rami mai tsawo kamar tafin hannu, ya lotsa sosai.

"Kamar an dasa wani abu."

"Gindin bindiga ne. Ya tsayar da ita a ƙasa, baki sama, ya danne. Mutum yana gudu da naman sata, me zai sa ya tsaya ya dasa bindiga?"

Ban sani ba. Ya nuna gefe. A kan lakar akwai wani siririn layi mai lanƙwasa, kamar sawun ƙaramin maciji, sau biyu. Ganyen da ke kusa yana da baƙin shafi. Baba ya shafa da yatsa ya kai mini hanci. Warin nan ne da na wanke daga bakin Tsigi.

"Jelar igiya ce ta ja ƙasa," ya ce. "Sau biyu ya ja."

Na tsaya ina kallon layin. Sai abin ya faɗo mini gaba ɗaya.

"Baba, wanda ya yi harbin ya goge bindigarsa a nan."

"Ci gaba."

"Ke nan tasa ba ta cikin masu datti. Tana cikin masu ƙyalli. Kuma igiyar Baban Tsigi tana gida a shanye."

"Shugabanku ya nemi baƙin bututu, ya samu, ya daina nema." Ya mayar da asawakin. "Kada ki yi kuka tukuna, saura aiki. Kina da farin ƙyalle a gida? Fari sosai, ba irin tsumman ɗakin makamai ba."

Muna komawa mota ya nuna mini wasu 'yan sawu ƙanana kamar an dangwala yatsu biyu, sun shiga ciyawa.

"Ɗan barewar yana nan kusa, a kwance yana jiran uwarsa. Ba zai tashi don ni ba. Mai yankin ne ya san makwancinsu."

*

Da la'asar aka fito da teburin ɗakin makamai tsakar bariki. Bindigogi huɗu a jere, ba harsashi. Kowa ya fito, har mai dafa abinci da direba. Aka buɗe wa Baban Tsigi, ya fito da gishiri a gashinsa, ya tsaya gefe. Tsigi ta miƙa masa hannu, na riƙe ta.

Na kawo tsohon zanen jegon Tsigi, fari tas, wanda na ɓoye a ƙasan akwati. Ni da kaina na yayyaga shi ƙanana.

Baba ya ɗauki bindigar mijina ya ba Shugaba. "Leƙa da kyau. Bayan baƙin me ka gani?"

Shugaba ya daɗe. "Kamar ja-ja a jiki."

"Tsatsa ce ta fara, ta kwana uku a damina. Da harsashi ya bi ta nan jiya da safe, da ya share ta."

"Wannan ai zance ne," in ji Dogo, amma muryarsa ta sauka.

"Zance ne. Ga aiki." Baba ya ɗaga igiyarmu. "Abin nan ina son sa. Ruwa ya dake ka a daji, ƙura ta shiga, ka ja sau biyu, ta kwashe, ka ci gaba da tafiya. Tana ɗauke tokar da ke sama, ta shafa mai, ka leƙa ka ga ƙyalli. Amma cikin bututu akwai tsagogi masu murɗewa, nan datti ke maƙalewa, igiya kuwa wucewa take yi da sauri. Kamar a shafa wa yaro mai ba a yi masa wanka ba. Ko ba haka ba, Maman Tsigi?"

"Wuyansa zai tona," na ce.

"To bari mu duba wuya. Ku uku kun ce Litinin kuka wanke da sanda har ƙyalle ya fito fari, kuma ba ku ƙara harbi ba. Akwai mai son gyara maganarsa?"

Ba wanda ya motsa.

Ya ɗiga mai a ƙyalle, ya soka a kan sandar, ya tura ta bututun Shugaba a hankali. Ya fito da ɗan rawayan mai kawai. Ya shimfiɗa shi a tebur. Na Dogo ma haka, Dogo ya saki numfashi har muka ji. Baba ya ɗauki ta ukun, ta Wanzami, ya leƙa ta rana, ya ce kai, wannan ta fi duka ƙyalli. Ya tura sandar.

Ƙyallen ya fito da baƙaƙen layuka a jere, shatar tsagogin. Ya sa na biyu, ya fito toka-toka. Ya ajiye su kusa da fararen biyun.

"Wataƙila Litinin ban gama ba," in ji Wanzami.

"Ni na duba naka," in ji Shugaba. "Fari ne. Har na nuna wa Dogo na ce ya koya."

"Kowa ya ɗora igiyarsa a tebur," in ji Baba.

Ta Shugaba da ta Dogo suna naɗe, busassu. Wanzami ya daɗe yana laluben aljihu. Da ya fito da tasa, jelarta ta yi ja da busasshiyar laka.

"Ka ce ta dutse ka bi. A dutse akwai jar laka?"

Wanzami ya zauna a ƙasa. Ya ce shi ɗan mafarauci ne, tun yana yaro hannunsa ke ƙaiƙayi, ya yi shekara shida yana kallon dabbobin suna wucewa. Harsashin tun Litinin ya ɓoye. Naman yana rataye a wani kogo, ko taɓa shi bai yi ba.

Ni abu ɗaya nake son ji. "Me ya sa a yankinsa?"

Bai ɗago ba.

"Ka ji mu ta bango ranar Litinin," na ce. "Ka san tasa ba a goge ba."

"Na ɗauka gargaɗi kawai za a yi masa."

Tsigi ta hango shi a ƙasa, ta fara zillo tana son zuwa wajensa kamar kullum. Na juya da ita. Shugaba da Dogo suka ɗaga shi suka kai shi ɗakin gishirin.

Shugaba ya dawo ya tsaya gaban mijina, ya cire hula. "Na yi gaggawa. Ka yafe ni." Sannan ya mayar da hular. "Amma barin bindiga kwana uku da datti, wannan sai mun zauna."

"Na yarda, ranka ya daɗe."

Sai a lokacin na sakar masa Tsigi. Ta kama gemunsa, ta lashi gishirin da ke kafaɗarsa, ta yamutsa fuska. Na zauna a kan bokitin Baba. Matar Dogo ta zo ta miƙo mini ruwa a kofi, ta ce, "Sha, mai hanci." Na sha, muka yi dariya mu biyu, tawa da hawaye.

"Kai, mai yanki," in ji Baba, "rana ba ta faɗi ba. Akwai maraya a ciyawarka."

*

Kafin magariba suka dawo, Baban Tsigi ya rungumo ɗan barewar a cikin rigarsa, duk ƙafafu ne da kunnuwa. Na tono tsohuwar kwalbar madarar Tsigi, na tafasa ta, na dama madara. Ya ƙi, ya ƙi, sannan ya kama ya riƙa ja har jelarsa na kaɗawa. Tsigi ta tsaya riƙe da zanena tana kallon kwalbarta a bakin wani, ba ta yanke shawarar ko za ta yi kuka ba.

Da safe motar hedikwata ta zo ta tafi da wanda ta tafi da shi. Baba ya hau bayan babur, ya ce in kula da marayun nawa biyu, ya nuna ɗan barewar da mijina.

Rana ta fito sosai ranar, igiyar ta bushe. Na naɗe ta na tsaya a bakin ƙofa. Baban Tsigi ya dawo daga ɗakin makamai, hannunsa duk mai, ya ce ƙyalle goma sha ɗaya ya ci kafin ya ga fari. Ya miƙo hannu zai karɓa ya sa a aljihu.

"Ba aljihu ba," na ce. "Ƙusa na sa direba ya buga maka, kusa da inda kake rataye bindigar. Can za ta riƙa kwana."

"In na manta fa?"

"Sai in sake wanke ta."

Ya dubi igiyar, ya dubi sama ko da hadari, ya juya ya kai ta da kansa.